Albert Lutuli: Basaraken da Ya Yarda a Tuɓe Masa Rawani

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Da aka ce in yi magana a kan jagoran da ya yaƙi wariyar launin fata, na san sunan da kuke jira: Mandela. To yau maigidansa na kawo muku. Lokacin da Mandela yake matashin lauya a Johannesburg, shugabansa a ANC, ƙungiyar da ke fafutukar 'yancin baƙar fata a Afirka ta Kudu, wani dattijo ne mai suna Albert Lutuli. Wa ya taɓa jin sunan? Hannu huɗu, biyar. Madalla, ashe ban zo a banza ba.

An haife shi wajen 1898 kusa da Bulawayo, a ƙasar da yau ake kira Zimbabwe, inda mahaifinsa yake yi wa 'yan mishan tafinta. Uban ya rasu ya bar shi jariri. Da ya tasa, uwarsa ta mayar da shi garin kakanninsa, Groutville, a lardin Natal na Afirka ta Kudu, cikin Zulawa. Ya yi karatu, ya zama malami, ya koyar a kwalejin Adams shekara goma sha wani abu. Kirista ne mai riƙo da addininsa, har wa'azi yake yi a coci.

Sai dattawan Groutville suka zo suka ce suna so ya zama sarkinsu. A garin nan zaɓen sarki ake yi, gwamnati ta tabbatar. Ya daɗe yana jan ƙafa, domin albashin malanta ya fi na sarautar, ga iyali. A farkon 1936 ya karɓa. Su ba rawani suke naɗawa ba, amma ku bar ni in yi amfani da kalmarmu.

Sarautar nan ita ta buɗe masa ido. A kwaleji littattafai yake gani. A fada kuwa kullum rigimar gona ce. Mutum wajen dubu biyar, masu noman rake a 'yan ƙananan filaye, kowa na kukan gonarsa ba ta isa ba. Ina za ta isa? Dokar filaye ta 1913 ta ware wa baƙar fata, su da suka fi kowa yawa, kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, dokar 1936 ta ɗaga zuwa kashi 13. Magidanta sun tafi ramukan haƙar zinariya, mata da tsofaffi ke riƙe da gida. Sarki ya raba gardamar iyaka yau, gobe wata ta taso, don bargon ne ya yi wa masu rufa kaɗan. A nan ya gane cewa maganin ciwon ba a fadarsa yake ba. Ya shiga ANC, a 1951 ya zama shugabanta na Natal. Kafin nan, a 1948, jam'iyyar Turawan Boer, wato jikokin Turawan da akasarinsu suka zo daga Holan, ta ci zaɓe ta mai da wariya tsarin mulki gaba ɗaya.

Ranar 26 ga Yunin 1952 aka fara gangamin bijire wa dokokin zalunci. Dabarar mai sauƙi ce: ka shiga ƙofar da aka rubuta ta Turawa ce, ka zauna a bencinsu a tashar jirgi, ka tsaya a kama ka, kada ka ɗaga wa kowa hannu. Sama da mutum 8,000 aka kama. Gwamnati ta kira Lutuli Pretoria ta ce masa ya zaɓa: ko sarauta, ko ANC.

Ku saurari amsarsa da kyau, don ita ta sa na zaɓo shi. Bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya ce ba zai bar ANC ba, kuma ba zai yi murabus ba, domin jama'arsa ce ta ɗora shi, kuma bai ga inda yi wa jama'a hidima a fada ya saɓa da yi musu hidima a ƙungiya ba. In tuɓewa za a yi, gwamnati ta tuɓe da hannunta, duniya ta gani. A Nuwamban 1952 suka tuɓe shi. Mu nan ba sai an yi mana bayanin tuɓe sarki ba, tarihinmu cike yake da shi tun zuwan Turawa. Mun kuma san yadda mutum kan haɗiye maganar da ke bakinsa don kujera. A jawabin da ya fitar ya ce shekara talatin ya yi yana ƙwanƙwasa ƙofar da aka garƙame, cikin haƙuri da ladabi, ya tambaya me hakan ya haifar in ban da ƙarin dokokin danniya. Wata guda bayan haka ANC ta zaɓe shi shugabanta na ƙasa. Jama'a kuwa ba su fasa ce masa sarki ba har ya mutu.

Daga nan sai takunkumi bayan takunkumi. A hana shi taro, a hana shi fita yankinsu, daga baya har buga maganarsa a jarida ya zama laifi. Babban taron Kliptown na 1955 ma, inda masu yaƙi da wariya suka amince da kundin 'yancin jama'a, bai samu halarta ba. A Disambar 1956 yana cikin mutum 156 da aka kama bisa zargin cin amanar ƙasa, kafin a janye tuhumar da ake masa.

Sai Sharpeville, wani garin baƙar fata a kudu da Johannesburg. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin takardar fas, suka kashe mutum 69, da yawa a baya aka harbe su suna gudu. Fas ɗin nan ɗan littafi ne da baƙar fata zai riƙa yawo da shi a ƙasar haihuwarsa; in babu shi, sai kurkuku. Kwana biyar bayan kisan, Lutuli ya cinna wa nasa wuta a gaban masu ɗaukar hoto. Dattijo mai hawan jini, ya sha wata biyar a tsare. Ɗalibai, wanda ya ce muku mai son zaman lafiya matsoraci ne, ku ba shi labarin ashanar nan.

Mu ma muna cikin labarin ta gefe. A taron ƙasashen renon Ingila na Maris 1961, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar. Daga baya Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar.

An ba Lutuli kyautar zaman lafiya ta Nobel ta 1960, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Da ƙyar gwamnati ta ba shi fasfo na kwana goma, ya je Oslo ya karɓa ranar 10 ga Disamba 1961, da hular gargajiyar sarakunan Zulu a kansa. Kwana shida kacal bayan haka, ranar 16 ga wata, bama-bamai suka tashi a tashoshin lantarki da ofisoshin gwamnati. Yaransa ne, su Mandela, suka kafa rundunar Umkhonto we Sizwe, wato Mashin Al'umma.

Har yau masana tarihi suna jayayya a kan ko ya amince. Ga yadda nake gani. Shi bai taɓa kiran kowa ya ɗauki makami ba, ya mutu a kan hanyarsa ta lumana da kiran ƙasashen duniya su ƙaurace wa kayan Afirka ta Kudu, kiran da suka yi tare da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata na Amurka, a 1962. Amma da aka yanke wa su Mandela ɗaurin rai da rai a Yunin 1964, bai tsame hannunsa ba. Ya fitar da sanarwa cewa ba wanda zai ga laifin jaruman da suka nemi adalci da ƙarfi bayan an toshe musu kowace hanya. Uba ne da 'ya'yansa suka bi hanyar da ba tasa ba, ya ƙi tsine musu don ya faranta wa azzalumi.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, saura kaɗan, ranka ya daɗe.

Ranar 21 ga Yulin 1967 aka tsince shi da munanan raunuka a gadar jirgin ƙasa kusa da gonarsa ta rake, ya cika a asibitin Stanger. Hukuma ta ce jirgin kaya ne ya buge shi. Iyalansa ba su taɓa yarda ba. Matarsa Nokukhanya ta rayu har ta ga zaɓen 1994, ta rasu maganar tana nan yadda aka rubuta ta. Sai a 2025 aka sake buɗe binciken, babbar kotu a Pietermaritzburg ta soke tsohon hukuncin, ta ce dukansa aka yi har ya mutu, da hannun jami'an tsaron gwamnatin wariya. Shekara 58 bayan rasuwarsa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.