Farin Hayaki Ba Kullum Laifin Nozul Ba Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina yi muku magana daga Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, kuma yau raina a ɓace yake. Wannan taimin bel da ke hannuna, wato bel mai haƙora da ke daidaita lokacin aikin sassan inji, daga cikin wata Toyota Hiace mai injin 3L na ciro shi, motar wani dattijo daga Aboabo wanda da ita yake ciyar da iyalinsa. Ku dubi haƙoransa da kyau, sun jiƙe sharkaf da baƙin mai, ga kuma inda uku suka gutsure.

Motar nan ba ta ɓoye ciwonta ba. Da safe sai an sha fama kafin ta tashi, salansa tana fitar da farin hayaki mai yaji a ido da warin ɗanyen gas, injin yana karkarwa, ƙarfinsa kuma ya ragu. Aka kai ta wani gareji, suka sauya nozul (bakin da ke fesa mai cikin inji) da hita (mai ɗumama inji kafin ya tashi), suka karɓi sidi 900, amma babu wanda ya kwance murfin taimin ya leƙa. Da ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai aka tara samari suka tura ta a giya ta biyu, a nan ne fistan ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Na ce masa, "Baba, da kun kira ni kafin a tura ta, da bel da tenshina da sil kawai za ku saya." Tenshina ce ke ɗaure bel ya yi tauri, sil kuma robar da ke hana mai yoyo.

A irin wannan inji, bel ɗin shi ne yake haɗa kiranshaf (sandar da fistan ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da famfon injekta (mai tura mai zuwa nozul), kuma duk zagaye biyu na kiranshaf, kamshaf zagaye ɗaya yake yi. Injin dizal ba shi da fulogin wuta, zafin iskar da aka matse ne yake kunna man, kuma 3L yana matse iska kusan ninki 22, shi ya sa tazarar da ke tsakanin fistan da bawul ba ta taka kara ta karya ba. Idan bel ya tsallake haƙori ɗaya a kan famfo, man zai shiga ba a kan lokacinsa ba, ga farin hayaki ke nan. Idan kuwa ya tsallake biyu ko uku a kan kamshaf, ƙarfe ne zai haɗu da ƙarfe.

Ina alfahari da cewa a Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi aikin nan, a hannun maigidana, Allah Ya jiƙansa, wanda ba ya barin yaro ya taɓa makulli sai ya juya inji da hannu. Ka cire murfi, ka sa sifana a kan notin kiranshaf, ka juya a hankali ta yadda hannun agogo yake tafiya har fistan na ɗaya ya hau sama, sannan ka duba ko alamar kamshaf da ta famfo sun zauna a mazauninsu. Idan ka ji ya cije a hanya, ka dakata, kada ka sa ƙarfi. Magazine ta fi Ƙofar Ruwa yawan masu walda da injinan gyaran ƙarfe, wannan ban musa ba, amma haƙurin nan na dattawanmu ina kewarsa.

Masu sababbin motoci suna da sauƙi, domin kwamfuta takan nuna lamba P0016 idan kiranshaf da kamshaf sun saɓa, yawancin motocin Sprinter da ake tirotiro (jigilar fasinja) da su kuwa sarƙa gare su ba bel ba.

Ina roƙonku, idan fitilar T-BELT, mai gargaɗin sauya taimin bel, ta kama a kilomita 100,000, kada ku bari a kashe ta a bar tsohon bel. Ku sauya shi tare da tenshina, ku toshe duk sil ɗin da yake yoyon mai, domin man ne ya cinye wannan, sannan ku tsaya a gaban bakanike ya juya injin zagaye biyu da hannu, ku ga alamun sun dawo daidai kafin a murɗa makulli.