Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Cocin Canterbury da Masu Neman Ɓoyayyen Akwati

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Takardarmu ta farko yau daga wata baiwar Allah ce a Jos. Ta ce ɗanta da ke karatu a Ingila ya turo mata hotonsa a tsugune bakin katangar cocin St Martin a garin Canterbury, waya a hannu, wai wani ɓoyayyen akwati yake nema. Tana tambaya, wane irin wasa ne wannan, kuma da gaske cocin ya kai shekara dubu?

To Mama, ya kai har ya zarce. A duk Ingila babu cocin unguwa da ya kai shi daɗewa ana ibada a cikinsa. Wajen shekarar 580, Ethelbert na masarautar Kent ya auro Bertha, 'yar wani sarki da ya yi mulki a Paris. Ita Kirista ce, shi kuwa yana kan addinin kakanninsa, don haka aka gindaya sharaɗin ba za a raba ta da addininta ba. Ta taho da limaminta, Bishop Liudhard, aka ba su wannan ɗan gini a bayan ganuwa ta gabas. Da Augustine, mai wa'azin da Paparoma Gregory ya turo, ya iso da mutum kusan 40 a shekarar 597, a nan suka fara taruwa.

In yaron ya koma, ya matsa kusa da bangon ya duba da kyau. Zai ga wasu siraran jajayen tubula a tsakanin duwatsu. Tun zamanin Rumawa aka gasa su. Ni kam wannan ya fi taɓa ni, a ce mutum ya ɗora tafin hannunsa kan tubalin da ya girmi ita kanta masarautar Ingila. A 1988 UNESCO ta sa cocin cikin wuraren tarihi na duniya, tare da babban cocin garin.

Wasan kuwa geocaching ake ce masa. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage wa fararen hula ingancin GPS, wato tsarin tauraron ɗan'adam da ke nuna wa mutum daidai wurin da yake, nan take wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin a intanet. Yanzu ana ɓoye 'yar roba mai takarda a ciki. Wanda ya gano ta ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar daidai inda ya same ta.

A Birtaniya akwai jerin da ake kira Church Micro, dubban akwatuna a kewayen coci-coci. Sau da yawa sai ka karanto shekara a jikin allo ko dutsen kabari kafin lissafin ya nuna maka maɓoyar. Ta haka matasa da yawa suka fara tsayawa suna karanta rubutun da a da suke wucewa.

Ki dai ja masa kunne, Mama. Dokar wasan ta hana tono, harabar kuma maƙabarta ce. Ya bi ta kan hanya, in ya tarar ana ibada ya jira a tashi.