Ruwan da ke ƙarƙashin Zariya na unguwa ne gaba ɗaya

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan ruwan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu ne, wanda muke ja da guga ko mu kunna sumo ya haura tanki, muna sha muna alwala muna girki dashi, amma ba wanda ya ɗauke shi a matsayin abin da zai iya lalacewa ko ya ƙare.

Duk wanda ya ɗaga kai ya kalli dutsen Kufena to ya ga abin da ke ƙarƙashin garin nan. Zariya a kan irin wannan dutsen take zaune, dutse mai tauri wanda ruwa baya ratsa shi, ba wani kogi ko teku a ƙasa kamar yadda wasu ke zato. Abin da muke dashi shine ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutsen da ke kwance a samansa, sai kuma 'yan tsage-tsagen da ke jikin dutsen, nan ne ruwan damina ke sauka ya maƙale, kamar dai ka shimfiɗa katifar soso a kan siminti ka watsa mata ruwa. Shi yasa zaka ga mutum ya kira masu injin sun tona bohol sun sha wahala ƙura kawai ke tashi, maƙwabcinsa kuma can gaba kaɗan ya dace da tsaga ruwa ya ɓalle. Kuma ruwan saman da ke cika wannan wurin wata biyar ne zuwa shida, daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, shikenan, sauran watannin duk abin da aka tara ake ci.

To ga inda matsalar take. Tunda ruwan a kusa yake, ƙazanta ma bata da nisan tafiya kafin ta same shi. Masana lafiya suna cewa a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da shadda ko sokawe, wato ƙafa 100 kenan. Yanzu don Allah mu yi lissafi tsakani da Allah, filin da ake yankawa yau a Gyallesu ko Tudun Jukun ko Dogarawa, wani ƙafa 50 ne kan 50, a ciki za a yi ɗakuna a yi kicin a yi masai a haƙa rijiya, ina ƙafa 100 zata fito? Ko da kai ka yi ƙoƙari ka kai rijiyarka kusurwar gabas ka kai shaddarka yamma, ai bayan katangarka ta gabas ɗin nan maƙwabci ne, kuma wataƙila daidai nan ya ga ya fi masa sauƙin haƙa tashi shaddar. Katanga iyakarta fandisho, a ƙasa ba bulo ba siminti, abin da ya tsiyaya daga gidansa gidanka zai zo. Wannan ne dalilin da yasa nake cewa babu mai gidan da zai iya tsare ruwansa shi kaɗai komai kuɗinsa komai tsaftar iyalinsa.

Kuma ruwa yana iya fitowa garau ba wari ba launi alhali yana ɗauke da cuta. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, kuma Arewa ce ta fi jin jiki, banda taifot da gudawar yara da muka mayar kamar wani abin da aka saba. Akwai ma sinadarin naitiret da ke fitowa daga shadda da takin zamani, shi wannan ko ka tafasa ruwan baya fita, kuma jarirai ya fi yiwa illa.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shine yadda muke yi da matattun rijiyoyi. Rijiya ta ƙafe ko an samu bohol an daina amfani da ita, sai ta koma bola, a zuba toka a zuba famfas ɗin yara, mataccen batir, mushen kaza, wani ma wallahi sai ya ɗora silab a kai ya mayar da ita shadda wai ya huta da kuɗin haƙa. Bawan Allah, wannan ramin fa kai tsaye yake shiga cikin ruwan da duk layinku ke sha, ƙasar da ya kamata ta tace ƙazantar ka riga ka tsallake ta. Haka bakanike da ke juye baƙin mai a ƙasa bayan gareji, haka mai wankin mota, haka kwatar da ta toshe ta kwanta shekara da shekaru a gindin rijiyar masallaci.

Sannan ga kududdufan cikin Birni da aka haƙa tun zamanin da ake ɗibar ƙasar gini. E, sun zama juji, suna tara sauro, ba mai musun wannan, amma su ne ke riƙe ruwan sama har ya samu ya nutse a hankali. Yanzu ana cike su da shara ana yanka filaye, tsakar gida kuma kowa ya malale da siminti, ruwan da ya kamata ya shiga ƙasa sai ya bi lambatu da gudu ya faɗa rafin Kubanni ya wuce kogin Galma, ya bar mu da ambaliya a Agusta, a Afrilu kuma guga na dawowa da laka.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai nata kason, an gina madatsar Galma, an ƙaddamar da matatar ruwa mai lita miliyan 150 a rana a 2017, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da tambaya har famfo ya riƙa zuwa kowace unguwa a kai a kai. Amma ko 'yan garuwan da ke turo mana kura da jarkoki, a bohol ɗin unguwa suke ɗiba, ruwan dai guda ne. Kuma babu jami'in da zai san cewa gidan Malam wane za a fara haƙa sokawe ranar Asabar, mai unguwa ne zai sani, liman zai sani, matan layin sun riga kowa sani.

Don haka ni a ganina, yadda muke haɗa kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma ba tare da mun jira kowa ba, haka ya kamata kowace unguwa ta zauna kan ruwa. Mai girma mai unguwa, ranka ya daɗe, ka sa ya zama al'ada duk wanda zai haƙa shadda ko rijiya ko bohol ya fara sanar da maƙwabtansa na kowane ɓangare, a zagaya a ga ina rijiyar kowa take, a daidaita shaddodin su koma ɓangare guda. A ƙirga matattun rijiyoyin unguwa a cike su da ƙasa mai kyau a rufe. Masu rai kuma a ɗaga bakinsu a yi musu daɓen siminti da murfi, a rataye guga ɗaya a daina jefar dashi a ƙasa. Maimakon bohol biyar a layi ɗaya kowa na zuƙe na ɗan uwansa, gida goma su haɗu su yi guda mai kyau a wurin da ya yi nesa da ƙazanta. Kuma a sa mata a cikin kwamitin, don su ne ke fara lura in ɗanɗanon ruwa ya canza ko yara sun fara zawo a jere.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya, ku kun fi mu sanin hadisin da ya hana yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwa, ku kawo shi cikin huɗuba ku haɗa shi da maganar shadda da rijiya. Kuma garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello, da sashen ilimin duwatsu da na injiniyan ruwa a Samaru, bai kamata a ce unguwa ta kasa haɗa kuɗi ta kai ruwanta a gwada ba, sau ɗaya da rani sau ɗaya tsakiyar damina lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa ya kusanci ramukan shadda. In sakamako ya fito a karanta shi a ƙofar masallaci kowa ya ji, rijiyar da aka samu da matsala a sa mata alama a bar ta ga wanki kawai har sai an gyara.