Masu Gida Na Biyan Haya A Gidansu: Yinin Auta A Chatsworth

Yaya: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma mu uku ne, ga Anti a gefena da kofin shayinta, Auta kuma yana can Sheffield ta waya, in kun ji murya na yankewa ku yi haƙuri, netwok ɗinmu ne na nan ba nasa ba.

Anti: Ni yau da ƙorafi na zo. Ɗan nan ya cika mana grup ɗin gida da hotuna ranar Asabar, data ta ta ƙare tas, ina buɗewa sai ga wani ƙaton gida da tumaki a gabansa. An tura ka karatu ka koma kiwo?

Auta: Anti ina wuni. Wallahi ba tumakin na je gani ba, su suka tare min hanya. Chatsworth sunan wurin, a Derbyshire yake, kusa da wani ƙaramin gari Bakewell. Daga Sheffield bas ɗaya muka hau ni da abokina, ko awa ɗaya ba mu yi ba. Kuma kin san abin da ya fara kashe ni, bas na gangarowa daga tudu sai ka ga fili kore shar iya ganinka, kogin Derwent ya ratsa ta tsakiya, ga gada ta dutse, can kuma gidan yana zaune shi kaɗai kamar an ajiye shi da hannu. Rana ta ɗan leƙo sai na ga tagogi na walƙiya, na ce wa abokina fenti ne, ya ce a'a zinare ne aka shafe firam ɗin da shi.

Anti: Zinare a taga? A waje? Kuma yana nan har gari ya waye?

Auta: Yana nan Anti.

Anti: To Allah ya kyauta.

Yaya: Wai gidan na wa ne, na Sarkin Ingila?

Auta: A'a Yaya, na wani dangi ne, Cavendish, masu riƙe da sarautar Diyuk na Devonshire. Tun 1549 filin ke hannunsu, wanda ke kai yanzu shi ne na 12. Kuma Anti wannan zai miki daɗi, mace ce ta kafa gidan. Bess ta Hardwick ake ce mata, ita da mijinta Sir William Cavendish suka sayi wurin a kan fam 600. Aure huɗu ta yi, duk mazan ta binne su, kowane aure kuma dukiya na ƙaruwa, har ta zama cikin matan da suka fi kowa kuɗi a Ingila a zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko.

Anti: Da a unguwarmu ce da tuni an ce tana da farar ƙafa, na uku ma ba zai zo ba.

Yaya: Ai mai kuɗi ba ta farar ƙafa Anti.

Auta: Mijin na huɗu shi aka ba tsaron Sarauniya Mary ta Sikotlan lokacin da take tsare, an sha kawo ta Chatsworth ta zauna. Sai dai ginin da muka shiga ba na Bess ba ne, Diyuk na farko ne ya sake shi daga 1687 zuwa 1707, ɓangare-ɓangare, ya rushe nan ya gina, ya ga bai yi daidai da can ba sai ya rushe can ma.

Yaya: Irin gyaran gida na Bahaushe kenan, ka ce bandaki kawai za ka taɓa sai ka tsinci kanka kana sauya rufi. To cikin gidan fa?

Auta: Gaskiya ciki ya gajiyar da ni. Kana shiga babban zauren ka ɗaga kai, silin gaba ɗaya zane ne, bango zane, tarihin Julius Caesar, shugaban tsohuwar Rum, aka zana, har wuyana ya yi ciwo. Daga nan ɗaki bayan ɗaki, hotunan kakanni, gadaje masu labule, littattafai har sama, tun ina tsayawa ina karanta bayani har na koma wucewa kawai. Abu biyu ne suka tsaya min. Akwai wata ƙofa da aka rataye gogen Turawa a bayanta, na tsaya ina tunanin me ya sa aka bar shi a nan, sai wata dattijuwa mai kula da ɗakin ta ce in sake dubawa. Yaya babu goge. Zane ne. Har ƙyallin katakon da inuwarsa, duk fenti ne, kuma ya haura shekara 300. Na biyun mutum-mutumin wata mace ce ta lulluɓe fuska da mayafi, dutse ne gaba ɗaya amma kana hango hanci da idanu ta cikin mayafin kamar ka hura iska ya ɗaga.

Anti: Ni wannan ba zan kwana gida ɗaya da ita ba.

Auta: Ni ma ban daɗe a gabanta ba. Waje ne ya biya min kuɗin tikitina. Lambun kaɗai eka 105, filin da ke kewaye kuma eka 1,000, kuma shi filin kyauta ake shiga, gida da lambu ne na kuɗi. Abin da ya ba ni mamaki, ni na ɗauka haka Allah ya halicci wurin, ashe shirya shi aka yi. Wani mai tsara lambu, Capability Brown, aka kawo a shekarun 1760, aka gyara tuddai, aka taɓa hanyar kogi, aka dasa bishiyoyi nan ɗaya can uku don ya yi kama da daji. Har ƙauye guda aka matsar daga baya, Edensor, su suna furta shi Enza, wajen 1838 zuwa 1842, ana cewa wai yana ɓata wa Diyuk kallo.

Yaya: Tsaya. An tashi gari saboda mutum ɗaya yana son leƙe ta taga?

Auta: Haka labarin yake. An dai gina musu sababbin gidaje masu kyau bayan tudu, na gani da idona.

Anti: Kyau ko ba kyau, an tambaye su? Talaka dai ko'ina sunansa talaka.

Auta: Wannan kam babu musu. To sai maganar ruwa. Akwai matakala 24 da aka gina don ruwa ya riƙa gangarowa a kai tun daga saman tudu, ita ma ta haura shekara 300. Sai kuma babban, wanda ke feshi sama. A 1843 aka ji Sarkin Rasha Nicholas na farko zai zo Ingila shekara mai zuwa, Diyuk na 6 ya ce sai ya nuna masa abin da bai taɓa gani ba. Shugaban masu lambunsa Joseph Paxton ya haƙa tafki a saman tudun bayan gida, ya ja bututu zuwa ƙasa, babu inji babu famfo, nauyin ruwan ne kawai ke tura shi, har ya taɓa kai wa mita 90. Wata shida ana aiki har da dare.

Yaya: Sarkin ya ce me da ya gani?

Auta: Bai zo ba.

Anti: Innalillahi. An yi girki baƙo bai zo ba!

Auta: Ya zo Ingila amma bai taka Chatsworth ba. Sunan dai ya zauna, har yau maɓulɓular Sarki ake ce mata. Ni kuma ta rama a kaina, na je kusa ɗaukar bidiyo iska ta juyo, ta jiƙa ni sharkaf, ga sanyi, ga farin takalmin da na saya na musamman, wanda dama tun a fili na riga na taka kashin tumaki da shi.

Yaya: Wa ya aike ka da farin takalmi gona?

Auta: Ni na san gona ce? Amma bari in tambaye ku, Anti yaushe rabonki da ayaba?

Anti: Jiya ma na saya, tsada kamar me.

Auta: To irin ayabar da aka fi fitarwa kasuwannin duniya yau, wannan doguwa mai santsi da ke manyan kantuna, sunanta Cavendish, kuma daga gidan nan sunan ya fito. A shekarun 1830 aka kawo wa Diyuk na 6 tsiron ta hanyar Mauritius, Paxton ɗin nan ya rene shi a ɗakin gilashi mai ɗumi har ya yi 'ya'ya, daga nan aka yi ta rarraba irin. Can a shekarun 1950 wata cuta ta cinye irin da ake sayarwa a da, Gros Michel, sai manoma suka koma wa wannan.

Yaya: Ayaba a ƙasar da rana ke fitowa da izini. Ikon Allah.

Auta: Kwal suke ƙonawa su ɗumama ta. Paxton yana ɗan shekara 23 aka ba shi lambun a 1826, ya gina wani ɗakin gilashin da keken doki ke wucewa ta cikinsa, shi ne kuma daga baya ya tsara Crystal Palace, katafaren ginin gilashi na baje koli a Landan, a 1851. Sai yaƙin duniya na farko ya zo, babu kwal babu ma'aikata, tsirrai suka mutu, a 1920 aka rushe shi. Yanzu a gurbin an dasa shinge mai lungu-lungu da ake shiga a ɓace, mun yi minti ashirin muna zagaye, wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ita ta fitar da mu.

Anti: Mai digiri na biyu kenan.

Yaya: Ni abin da ke cina tun ɗazu daban ne. Gida ɗaya, dangi ɗaya, tun 1549. Yaya aka yi ba a raba ba? Ka ga gidan Baba shekara nawa da rasuwarsa, yanzu ƙofa huɗu gare shi.

Auta: Ai su ba sa rabawa Yaya. Babban ɗa namiji ke ɗaukar sarauta da gida da fili, sauran su nemi na kansu.

Anti: To kai da kake auta me za ka samu?

Auta: Tikitin shiga Anti, shi ma da kuɗina.

Anti: Ka gode wa Allah da rabon gado na Musulunci. Ni dai gara gida mai ƙofa huɗu kowa da rufin asirinsa, da fada ɗaya 'yan mata na kallo daga waje.

Yaya: Ban ƙi taki ba, amma da an raba da yau filoti-filoti ne, babu abin da Auta zai je ya jiƙe a kai.

Auta: To su ma an raba musu, gwamnati ce ta raba. A 1950 Diyuk na 10 ya rasu kwatsam, ya fara shirin kauce wa haraji amma saura 'yan makonni wa'adin ya cika sai ajali ya riga shi. Aka yanka musu harajin gado kashi 80 cikin 100, wajen fam miliyan 7 na lokacin. Dama babban ɗan ya mutu a yaƙi a 1944, shi ne mijin Kathleen, ƙanwar John F. Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka, kabarinta ma yana Edensor ɗin nan kuma Kennedy ya ziyarce shi a 1963. Ƙanen ne ya gaji bashin. Ya sayar da filaye, ya miƙa zane-zane masu tsada, har Hardwick Hall, ɗaya gidan da Bess ta gina, ya bar hannunsu ya koma na National Trust, ƙungiyar da ke kula da gine-ginen tarihi.

Yaya: Kashi 80! Wannan ai ba haraji ba ne, gwamnati ce babban ɗa.

Auta: Shi ya sa a 1981 aka kafa gidauniya, aka ba ta hayar gidan da lambun na shekara 99 a kan fam 1 duk shekara, ita ke karɓar kuɗin tikiti tana gyara. Dangin kuma ɓangaren da suke zaune a ciki haya suke biyan gidauniyar.

Anti: Maimaita. Mai gida na biyan haya a gidan kakansa?

Auta: Ƙwarai. Shi ya sa duk inda ka juya akwai abin sayarwa, shagon tsaraba, wurin shan shayi a tsohon bargar dawakai, shagon kayan gona a ƙauyen Pilsley. Da farko na ji haushi na ce waɗannan ba su ƙoshi ba ne, da na ji gyaran da aka gama a 2018 ya ci sama da fam miliyan 32 sai na yi shiru na sayi shayina.

Yaya: Abinci fa, ka samu na ci?

Auta: Ban ma nema ba, da dafa-dukata na je a kula. Muka samu gindin wata bishiya muka shimfiɗa jaket muka yi azahar, barewa na can nesa suna kiwo, babu wanda ya ko kalle mu sai wata tunkiya da ta tsaya a gabana har na sallame. Wanda zai je dai ya duba lokacin bas na ƙarshe tun da safe, mu saura kaɗan mu kwana da tumakin.

Anti: Tsarabata fa?

Auta: Na saya miki ɗan mayafin goge kwanuka mai hoton gidan.

Anti: Gida mai zinare a taga, ni tsumma aka sayo min. Yaya kashe abin nan, shayina ya huce.