Yadda Mai Ciwon Ƙugu Zai Fahimci Sakamakon Hoton Ƙashin Bayansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, na lura wasunku sun zo da manyan ambulan na hoto a hannu, wasu kuma sun tsaya a bayan ɗaki saboda zama a kan benci yana tsananta musu ciwo. Duk wanda tsayuwa ta fi masa sauƙi ya ci gaba da tsayuwarsa.

Zan fara da haruffan da ke jikin takardar, domin su ne suke fara tsorata mutum. A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa biyar da aka jera ɗaya bisa ɗaya, likitoci suna kiran su L1 zuwa L5, sannan na ƙarƙashinsu, wanda ya haɗe da kwankwaso, farkonsa shi ne S1. Tsakanin kowane ƙashi da maƙwabcinsa akwai faifai na guringuntsi, bayansa mai tauri, cikinsa mai laushi da danshi, kuma aikinsa shi ne ya shanye nauyi da jijjiga. Idan ka ga an rubuta L4/L5 ko L5/S1, adireshi ne kawai aka ba ka na faifan da ake magana a kai, kuma waɗannan biyun su ne suka fi samun matsala, saboda a kansu nauyin jiki da sunkuyo suke taruwa. Hoton ƙashi na yau da kullum ƙashi yake nunawa, ba ya nuna faifan ko jijiya. Wanda yake nuna su shi ne hoton MRI, wanda ake ɗauka da maganaɗisu.

Abin da na fi so ku tafi da shi yana cikin wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 1994. An ɗauki mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka yi musu MRI, sai aka tarar kashi 36 cikin ɗari ne kawai faya-fayansu duka suke lafiya lau. Kashi 52 cikin ɗari suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 kuma nasu ya turo waje, alhali babu wanda yake kukan komai. A 2015 an tattara bincike 33 da suka shafi mutum sama da dubu uku marasa ciwo, aka ga alamar zaizayewar faifai a jikin kashi 37 cikin ɗari na masu shekara 20, da kashi 96 cikin ɗari na masu shekara 80. Saboda haka kalmar zaizayewa da ake rubutawa a sakamako sau da yawa matsayinta ɗaya da furfura: shekaru ne suka bar shaidarsu. Na sha ganin magidanci ya shigo da ƙafarsa, ya karanta takarda, ya fita yana dafa bango, domin wani ya fassara masa ita da cewa bayansa ya lalace. Wannan fassara cutarwa ce, kuma ina ganin mu ma'aikatan lafiya muna da laifi a ciki idan muka miƙa takarda ba tare da bayani ba.

Kada wani ya fahimci cewa ina ƙaryata ciwonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya, sannan kusan kashi 90 cikin ɗari na masu shi ba a iya nuna wuri guda a ce ga tushen ciwon. Mutum zai iya kasa ɗaura takalmi saboda azaba, hotonsa kuma ya fito kusan ba komai, domin tsoka da gaɓoɓi da jijiyoyin da suka saba da zafi ba duk abin da ke damunsu hoto yake kamawa ba.

To yaushe ne hoton yake da amfani? Yana da amfani idan abin da ya nuna ya dace da abin da jiki yake faɗa. Idan faifan L4/L5 ya danne jijiya ta hagu, muna sa ran ciwon ya sauka ta ƙafar hagu har saman tafin ƙafa, mutum ya kasa ɗaga babban yatsansa ko tafiya a kan dunduniya. Idan na L5/S1 ne, ciwon yakan bi bayan cinya zuwa gefen ƙaramin yatsa, tsayuwa a kan yatsu ta yi wuya. Idan kuwa hoto ya nuna dama, ciwo yana hagu, to abin da aka gani ba shi ne mai laifin ba, kuma likitan da ya yi maganar tiyata bai taɓa ƙafarka ba, kana da haƙƙin ka nemi ra'ayin wani likitan. Ku sani kuma, faifan da ya turo yakan janye da kansa a jikin kusan mutum biyu cikin uku, a cikin watanni, kuma abin mamaki wanda ya fi fitowa sosai shi ya fi saurin shanyewa.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Laka tana ƙarewa ne wajen L1 ko L2, daga nan jijiyoyi suke sauka a jere kamar wutsiyar doki, kuma da haka ake kiran su a likitance. Idan aka danne su, fitsari yakan ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da sani ba, bayan gida ya kufce, tsakanin cinyoyi da wurin zama su mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafafu su yi ta raunana. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, kada kunya ta hana shi faɗa. A ƙasarmu dole in ƙara da tarin fuka, wanda yake cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi. Ciwon da yake tada mutum da dare, tare da zazzaɓi da gumi da rama, a bincike shi, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Haka nan mai sikila, da dattijon da yake da matsalar fitsari, da matar da ta taɓa samun ƙullutu a nono, da wanda ya faɗo daga babur ko bishiya. Irin waɗannan su ake gaggauta yi wa hoto. Kada a ce basir ne ko sanyi a shekara ana jiƙo, kuma kada a kai irin wannan baya wurin maɗori ya taka.

Ga sauran, waɗanda su ne mafi yawa, kwanciya ta kwanaki masu yawa tana ƙara ciwon, tafiya kaɗan-kaɗan da motsa jikin da masu gashin ƙashi suke koyarwa sun fi ta amfani. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi, malamai sun bayyana sauƙin yin salla a zaune har ya samu dama. Maganin ciwon jiki da ake saye a kemis ana sha kullum yana iya jawo gyambon ciki da lalata ƙoda, tiramadol kuma yana kama mutum. Idan za ku koma wurin likita, ku tafi da hoton kansa tare da takardar, da kwalayen duk magungunan da kuke sha, sannan ku roƙe shi ya nuna muku da yatsa wane layi ne a cikin sakamakon ya dace da ciwon da kuke ji.