Agogon Waye Ke Aiki a Filin Ƙwallo?

Yammacin Asabar ne a wani gidan kallon ƙwallo a Fagge. Inji na ta ruri a waje, fanka na juya iska mai zafi, bencina sun cika maƙil har wasu na leƙe ta bakin labule. Minti na 87, ci ɗaya mai ban haushi. Golan ƙungiyar da ke gaba ya cafe wata ƙwallo mai sanyi wadda ko ɗan firamare zai tare, amma sai ya bi ta ya kwanta rub da ciki, ya ƙanƙame ta kamar wanda ya tsinci jakar kuɗi. Rabin ɗakin suka miƙe tsaye: "Rafali, cin lokaci yake! Ba shi kati mana!" Ɗaya rabin kuwa tafi suke yi, wani daga baya yana cewa, "Kwanta abinka, ɗan albarka, ba mai tashin ka."

To jama'a, wannan lokacin da ake ci, wa ke ƙirga shi? Kuma ana biyan sa?

Mu fara da agogon nan da ke saman allon talabijin. Na masu haska wasa ne, doka ba ta san da zamansa ba. Hukumar IFAB, mai rubuta dokokin ƙwallo, ta ce wasa zagaye biyu ne, kowanne minti 45, hutun tsakiya kuma kada ya wuce minti 15. Riƙon lokacin kuwa ta damƙa shi ga mutum ɗaya tak, alƙalin wasa. Shi ya sa za ku ga da yawansu ɗaure da agogo biyu, ɗaya yana tafiya ba tsayawa, ɗayan kuma da shi suke lissafin abin da ya salwanta.

Kuma ba kowace tsayawa ake biya ba. Jifa, bugun gola, kwana, duk cikin wasa suke, sai dai in an yi jan ƙafa da gangan. Abin da doka ta ce a rama shi ne lokacin canjin 'yan wasa, duba wanda ya ji ciwo da fitar da shi, ba da kati, jiran VAR (alƙalan da ke duba bidiyo), hutun shan ruwa, murnar cin ƙwallo, da kuma cin lokaci ƙiri-ƙiri. Alƙali ya haɗa lissafinsa, ya faɗa wa alƙali na huɗu da ke tsaye a bakin fili, shi kuma ya ɗaga allo.

A nan ne ake yawan musu a majalisa. In allo ya nuna 4, ba minti huɗu cif ake nufi ba, aƙalla huɗu ne. Alƙali yana da ikon ƙarawa in an sake ɓata lokaci a cikinsu, amma ba shi da ikon ragewa. Haka kuma in ya ba da fenareti, ko lokaci ya cika dole a jira a buga ta. Ban da wannan, in ya ga dama ya hura usur ƙwallo tana sama. An ma taɓa yi: a Gasar Kofin Duniya ta 1978, Brazil ta bugo kwana a wasanta da Sweden, Zico ya sa kai ta shiga raga, ashe alƙali Clive Thomas ya riga ya tashi wasa kafin ta iso kansa. Aka tashi 1 da 1. Na kusa-kusa kuma, kun tuna Janny Sikazwe na Zambiya a Gasar Kofin Afirka a Kamaru, Janairun 2022, wasan Mali da Tunisiya? Ya busa tashi a minti na 85, aka ankarar da shi aka ci gaba, ya sake busawa tun 90 ba ta cika ba. Mutanen Tunisiya suka yi ta nuna masa agogo, amma bakin alƙalami ya bushe.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, a manyan gasannin Turai, in aka cire duk tsaye-tsayen nan, ƙwallo ba ta cika yin minti 60 tana yawo a fili ba. Wato kun biya kuɗin kallon minti 90, amma kusan rabin awa kuna kallon mutum yana goge ƙwallo da riga ne, ko yana gyara safa.

Dabarun kuwa kowa ya san su. A yi canji a minti na 89, wanda za a cire ya taho kamar amarya za ta ɗakin miji, yana gaisawa da kowa. A kai ƙwallo lungun kwana a juya mata baya. Iska ta taɓa mutum ya faɗi yana birgima, a shigo da gadon ɗaukar majinyata, yana isa bakin layi ya miƙe garau. Har yaran da ke tsinto ƙwallo ana koya musu. A 2013 Eden Hazard na Chelsea ya karɓi jan kati a gidan Swansea, saboda wani yaro ya kwanta a kan ƙwallo, shi kuma ya kai ƙafa don ya zaro ta.

Mahukunta sun daɗe suna wasan ɓuya da waɗannan dabaru. Gasar Duniya ta 1990 a Italiya ta gundiri mutane, ƙwallo 115 kacal a wasa 52. A lokacin ɗan baya zai miƙa wa gola da ƙafa, gola ya ɗauka da hannu, ya gangaro masa, ya sake mayar masa, haka har rana ta faɗi. A 1992 aka haramta wa gola ɗaukar irin wannan ƙwallo, kuma nan take wasan ya canza kama. A 2019 aka ce wanda aka canza ya fita ta layin da ya fi kusa da shi, ba sai ya ratsa fili ba.

Sai Gasar Duniya ta 2022 a Qatar, inda Pierluigi Collina, shugaban kwamitin alƙalan FIFA, ya ce a biya kowane minti. Wannan Collinan dai shi ne ya hura wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1999, da Manchester United ta zura wa Bayern Munich biyu cikin minti uku na ƙari, saboda haka ya san darajar abin. A wasan Ingila da Iran an ƙara minti 14 a zagayen farko bayan golan Iran ya ji ciwo a ka, Mehdi Taremi na Iran kuma ya ci fenaretinsa a minti na 13 na ƙarin zagaye na biyu.

Ni dai a ganina wannan biyan bashi ne da tsohon kuɗi. Mai cin lokaci ba mintoci kaɗai yake sata ba. Ƙungiya ta taso da zafinta, ta matsa, 'yan kallo sun ɗauki ihu, sai a kwanta minti biyu, tuwon ya huce. Ka ƙara minti goma daga baya, ba za ka dawo da wannan zafin ba. Abin da ke aiki shi ne hukuncin da ke cizo nan take.

Dubi dokar gola. Shekara da shekaru doka ta ce daƙiƙa shida zai riƙe ƙwallo, amma hukuncin firikik ne a cikin da'irarsa, wanda sai an taɓa wa wani, alƙalai kuma suna jin nauyin bayarwa, sai dokar ta zama ta takarda. A 2025 aka mayar da ita daƙiƙa takwas, in ya wuce a ba abokan hamayya kwana. Alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsu, kowa yana gani. Ronwen Williams na Mamelodi Sundowns ya ɗanɗana ta a Gasar Ƙungiyoyin Duniya a Amurka cikin watan Yuni na shekarar.

Akwai masu cewa a huta kawai, a riƙa tsayar da agogo duk sanda ƙwallo ta fita, kamar a ƙwallon kwando. IFAB da kanta ta kawo shawarar a 2017, zagaye biyu na minti 30-30, amma ba ta zama doka ba. Da za a yi, ban san yadda mai gidan kallo zai yi da kuɗin fetur ba, tunda ba wanda zai iya ce masa ga sanda za a tashi.

A can Fagge kuwa, alƙali na huɗu ya ɗaga allo, minti shida. Sai ɗakin ya juye. Waɗanda ke zagin rafali ɗazu suka koma "Allah ya yi maka albarka," mutumin nan na baya kuma ya hau kan benci yana nuna wuyan hannunsa da babu ko agogo a kai: "Haba Malam, shida daga ina? Busa mana, magariba ta kawo jiki, alwala za mu yi!"