Gilashin mota ya ƙi tashi? Dakata da sayen moto

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan tambaya ɗaya ce ta cika min waya: "Mun canza moton gilas, amma har yanzu shiru." Moton gilas shi ne ɗan injin lantarki da ke ɗaga gilas yana sauke shi a cikin ƙofar mota. To ku matso, ga ƙofar nan mun cire mata marfi.

Na farkon dai da sauri. Idan gilasan huɗu ne suka mutu tare, duba fis. Idan na direba kaɗai ke aiki, duba makunnin kulle da ke hannun direba, wanda ke hana sauran gilasan aiki, sau da yawa gwiwar hannu ce ta danne shi. Kar ka yi dariya, na ga wanda ya je har Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, saboda wannan. Idan kuma kana jin moto na gurnani gilas bai motsa ba, ko ya zurma cikin ƙofa, igiyar ƙarfen da ke jan shi ce ta tsinke.

Yanzu ga inda ake yin asara. Kalli moton nan, waya 2 gare shi. Babu wadda aka ce ita ce ta wuta har abada. Ka danna sama, wannan ta kawo wutar batir, volt 12, waccan ta mayar da ita. Ka danna ƙasa, sai su yi musaya. Da haka moto ɗaya ke juyawa gaba da baya.

To me yaran gareji ke yi? Su maƙala fitilar gwaji a jikin mota, su taɓa waya ɗaya, fitila ta kama, shi ke nan: "Alhaji, wuta na zuwa, moto ne ya ƙone." A'a, ɗan'uwa. Hanyar zuwa kawai ka gwada. Ta komawa fa? Wutar da ba ta da hanyar komawa ko fanka ba za ta juya ba.

Ga yadda ake yi. Cire soket, sa fitilar tsakanin wayoyin nan biyu, ba a jikin mota ba. Danna sama. Ta kama. Danna ƙasa. Shiru, kun gani? Wannan moton lafiyarsa ƙalau. Da ta kama a duka biyun, sannan ne zan yarda a zarge shi.

Abin da ke ruɗa mutane kuma, a yawancin tsofaffin motocin da muke hawa, hanyar komawar gilashin fasinja ta makunnin direba take bi. Ciwon na dama, tushensa na hagu. Ƙurar hunturu ta shiga makunnin, ko ruwan sama ya taɓa shi, bakin ƙarfen ciki ya yi baƙi.

Batun da ake ta yaɗawa kuwa, wai ka daki ƙofa gilas ya motsa, eh, yakan yi aiki idan kabon ɗin moto, wato ɗan abin da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa a cikinsa, ya cinye. Zai kai ka gida, iyakarsa ke nan.

Idan makunnin ma lafiya yake, ja robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Kullum buɗe, rufe, wayoyin ciki na lanƙwasawa. Bari mai kyamara ya matso. Ga ta nan, ta karye, bawon ne kawai ke riƙe da ita.